Ma'auni Na Biyar

Litinin, 6 ga Oktoba, 7:10 na yamma

Masu narka ƙarfe a Dunmore sun ƙi karɓar kayan wata tirela yau. Wani ma'aikacinsu ya hango tambarin nan na haɗarin nukiliya mai fuka-fuki uku a jikin wani ƙarfe, sai suka mayar da motar inda ta fito, filin gwangwan na Kettle Creek. Gil, shugaban sashenmu, ya leƙo ofishina yana cin tuffa ya ce, "Rhonda, ɗauki mitarki ki je ki gani. Ƙila tsohon kwanso ne da ba komai a ciki." Shekarata goma sha ɗaya ina duba kayan da ke fitar da tururin nukiliya a jihar nan, kuma yawancin irin wannan kiran haka suke ƙarewa.

Kan ma'auni ne, irin wanda ake ɗaurawa a jikin tanki don a san cikarsa. Rawaya, girman kabewa. Na kai mitar awon tururi jikinsa, ta yi shiru. Shirun nan ne ya tayar min da hankali, domin an yanka shi da wutar walda, yankan kuma sabo ne, ko tsatsa bai fara ba. Darmar ciki ta narke ta zuba. Ramin da ƙwayar siziyom mai fitar da tururin take zama wayam.

Na zagaye filin sau uku. Babu. Mai filin ya ce wanda yake yanka ƙarfe sunansa Otis Burkett, yau hutunsa ne, ya tafi tafki kamun kifi, waya ba ta shiga can.

Na goge farantin da ke jikin ma'aunin da yatsa. Kamfanin Siminti na Halvorsen. Na karanta wa Gil lambar ta waya. Ya ce, "Halvorsen? Ba sun rufe ba tuntuni?" Na ce sun rufe.

Iyakar abin da na ce ke nan.

Talata, 7 ga Oktoba, 6:45 na yamma

Tun ina kan titin tsakuwa, saura gida biyu in kai, mita ta fara ƙas-ƙas a kujerar gefena.

Mista Burkett dattijo ne, shekara sittin da ɗaya, dogo, hannuwansa duk tabon wuta. Matarsa Faye ta fito da kofi biyu kafin in gama faɗin sunana. Na ce su dawo bayan motata tukuna. Ya yi dariya ya ce, "Madam, in kin zo kan lasisin kamun kifi ne, ina da shi."

Na tambaye shi ko ya tsinci wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli, bai kai kan ɗan yatsa ba. Ya ce ƙwarai, ranar Alhamis ya faɗo daga cikin rawayan abin nan, ya ga yana da nauyi, zai yi kyau a ɗaura a igiyar ƙugiya. Yana cikin akwatin ƙugiyoyinsa a gareji.

Na ce kafin akwatin fa?

Ya dafa aljihun wandonsa na dama. Daga azahar ɗin Alhamis har ya tashi aiki. Ranar Juma'a ya sake sa wandon, ya manta abin yana ciki, sai wajen ƙarfe huɗu.

Na rubuta awannin.  Faye tana kallon fuskata, ba littafin ba.

Ƙarfe biyu motar sashenmu ta iso da tukunyar darma da doguwar awartaki. Daƙiƙa arba'in aka yi an rufe. Ƙwayar ba ta fashe ba, gidan da garejin duk tsaf. Na kai su asibitin gunduma da kaina aka ɗebi jininsu. A hanya yana ta ce min shi lafiyarsa ƙalau, ko ƙaiƙayi bai ji ba. Na ce masa abin ba ya nunawa da wuri. Ya ce, "Kamar surukata ke nan."

Laraba, 8 ga Oktoba, 6:20 na safe

Halvorsen. Ma'auni biyar ne a lasisinsu. Na sani ba tare da na buɗe fayil ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, 8:00 na yamma

Yau an fara tambayar da na san za a yi: na wa ne?

Shekara huɗu da suka wuce gwamna ya sa hannu a yarjejeniya da hukumar tarayya. Suka miƙa mana lasisi ɗari biyu da goma sha huɗu cikin kwalaye: asibitoci, masu haƙa rijiyar mai, masu gyaran hanya, masana'antu. Su kuma suka riƙe tashar lantarki da duk abin da ke kan filin gwamnatin tarayya. An yanka kek ranar. Ni na ɗauko kwalayen a a-kori-kurar Curtis mijina, don motar ofis ta yi kaɗan.

Halvorsen tana jikin tsohon sansanin ajiyar soja. Masana'antar tana ɓangarenmu. Amma sun yi hayar wani sito a cikin sansanin, taku sittin bayan shingen waya, wato ɓangaren tarayya. Fayil ɗinmu ya ce: huɗu an mayar wa kamfanin da ya ƙera su, na biyar yana sito, ƙarƙashin tarayya. Gil ya karanta wannan layin da ƙarfi sau biyu, ya ce, "Madalla." Bai duba wanda ya sa hannu a ƙasa ba. Ko ya duba bai ce komai ba.

Da rana Wendell Brandt ya kira daga ofishin shiyya na hukumar tarayya. Shi ya koya min aikin nan tun kafin jihar ta karɓa, shi ya fara riƙa min mita. Ya ce, "'Yar jiha, ashe kun fara zubar da kayan mutane a bola."

Na ce, "Baba Tarayya, a sitonku aka ajiye shi."

Ya ce, "Takardata ta ce duk biyar ɗin mun ba ku."

Na ce tawa ta ce huɗu.

 Sai ya tambayi lafiyar mutumin. Na gaya masa awannin. Na ji yana lissafi a ransa, na san kuma amsar da ya samu, don ita na samu.

Juma'a, 10 ga Oktoba, 5:30 na yamma

Taro na awa uku. Lauyarmu ta zo da taswirar sansanin, ta ja jan layi a kan shingen. Daga yau duk magana da 'yan tarayya a rubuce, kuma ta hannunta. An gaya min su ma an ba su irin wannan umarnin.

Babu wanda ya san yadda ma'aunin ya bar siton. Wani ɗan kwangila ya kwashe tarkacen wurin a watan Agusta, shi kuma ya ce wani ya ba aikin, wanin ya koma wata jihar. Ba wannan aka tattauna ba. Layin aka tattauna.

Na ci rabin burodina. Babu wanda ya tambaye ni komai.

Asabar, 11 ga Oktoba, 9:15 na safe

Littattafan aljihuna na aiki suna cikin kwalin takalma a saman firjin gareji, shekara-shekara. Nawa ne, ni nake saya, ba sa shiga fayil. Na je ɗauko nama na dawo. Ban taɓa kwalin ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, 4:00 na yamma

Bayan coci Curtis ya ce, "Sau uku kin shiga gareji yau, ba ki fito da komai ba. In ɓera ne ki gaya min in sa tarko."

Na ce ba ɓera ba ne.

Ya ce, "To mene ne?"

Na ce aiki. Ya dube ni, ya koma kallon wasansa, ya rage ƙarar talabijin ko zan ci gaba. Ban ci gaba ba.

Ba na son tuna Afrilun nan.

Talata, 14 ga Oktoba, 7:30 na yamma

Faye ta kira ni. Na ba ta lambata tun ranar farko, abin da ba a so mu yi. Ta ce cinyarsa ta yi ja, faɗin tafin hannu, da zafi kamar ƙunar rana. Jininta ita ya fito lafiya. Nasa likita ya ce a sake ɗiba.

Ta ce, "Ki gaya min gaskiya, 'yar nan. Likitan yaro ne, ina ganinsa yana duba waya kafin ya ba ni amsa. Zai tsaya a haka?"

Na ce ba na jin zai tsaya a haka. Na ce zai yi bororo, daga baya ya buɗe, kuma ciwon yana cin ciki fiye da yadda ake gani a waje. Na ce ni ba likita ba ce, amma su nemi a tura su asibitin jami'a, kada su jira.

Ta ce ta gode. Sai ta ce, "Ta yaya abu irin wannan yake zuwa bola? Ba wanda yake ƙirga su ne?"

Na ce ana ƙirgawa.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 6:50 na yamma

An tura ni in ɗauki hoton shingen daga ɓangarenmu. Ina isa na ga farar motar gwamnati a wancan ɓangaren, da Wendell tsaye da hularsa ta kamun kifi, shi ma da kyamara. Ya ƙara tsufa. Disamba zai yi ritaya.

Ya ce, "An hana ni yi miki magana."

Na ce ni ma.

Ya ce, "To ni da shingen nan nake magana. Shinge, ya gida? Ya Curtis?"

Na ce wa shingen Curtis yana lafiya.

Iska tana ta kaɗa ƙurar siminti. Ƙofar siton a buɗe take, daga inda nake tsaye ina hango ciki. Akwai wani katako a ƙasa da shatin abu mai zagaye a kansa, inda ƙura ba ta sauka ba. Taku sittin. Na ƙirga da ido. Akwai ma wata 'yar ƙofa a jikin shingen, da kwaɗon da ya ruɓe, da ƙafa ɗaya za a ture ta.

Wendell ya ce, "Shekara talatin da huɗu, ban taɓa rasa ko ɗaya ba." Ba ni yake kallo ba.

Na ce, "Ƙofar nan tana nan tun da?"

Ya ce tun zamanin soja.

Na san tana nan. Na gan ta a wancan zuwan.

Ya ɗauki hotona ta cikin waya, na ɗauki nasa. Kowa ya shiga motarsa.

Juma'a, 17 ga Oktoba, 6:05 na safe

Ciwon Mista Burkett ya yi bororo. Faye ta turo hoto. Na duba sau ɗaya.

Litinin, 20 ga Oktoba, 7:45 na yamma

Gil ya ajiye min daftarin rahoto, shafi tara. Duk abin da ke ciki gaskiya ne. Siton yana filin tarayya, yarjejeniya ba ta ba mu iko a can ba, ba mu da hurumin tsallaka shingen. A shafi na bakwai akwai jimla ɗaya: "Jiha ba ta da wani dalilin zaton cewa ma'aunin ba ya ƙarƙashin kulawar hukumar tarayya."

Ya ce in sa hannu kafin Juma'a. Ya zauna a gefen teburina, abin da ba ya yi. Ya ce, "Kin san baɗi 'yan tarayya za su zo duba mu. In suka ce ba mu iya ba, suna da ikon karɓe komai. Mutum goma sha biyu ne a sashen nan, Rhonda. Shekara tara muka yi muna neman yarjejeniyar nan."

Na ce na sani, ina nan aka yi.

Ya ce, "Ban ce ki yi ƙarya ba."

Na ce na ji, bai ce ba.

Gil ba mugu ba ne. Lokacin rasuwar Mama shi ya kawo mana abinci kwana uku a jere, shi ya raba aikina ga sauran ba tare da na roƙa ba.

Talata, 21 ga Oktoba, 6:30 na yamma

Na sauko da kwalin.

Goma sha ɗaya ga Afrilu, shekara uku da suka wuce. Rubutuna ne, da shuɗin biro. "Halvorsen, rufewa. 4 a ƙasa, lambobi sun dace. Na 5 a sito. Manaja ya ce tarayya sun sani, amma bai da takarda, bai tuna wa ya gaya wa ba. Ban gamsu ba. KIRA WENDELL." Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Shafin da ke biye babu komai sai lambar ɗaki, 412, da sunan wata nas. Ina kan hanyar dawowa daga Halvorsen aka kira ni daga asibiti a kan Mama. Bayan wannan, shafi shida fari. Rubutu na gaba na biyu ga Mayu ne, wani asibitin dabbobi.

Da na dawo aiki na tarar da fayil ɗin a teburina, na cike shi daga abin da na tuna, na sa hannu, na rufe.

Ba zan rubuta cewa saboda Mama ne ba. Kiran minti biyu ne. Na yi Mayu, na yi Yuni, na yi shekara uku. Sau nawa na yi waya da Wendell a kan wasu abubuwan.

Na nuna wa Curtis. Ya karanta a tsaye, da man inji a hannunsa, yana riƙe littafin da gefen yatsu. Ya ce, "Wa ya san da wannan?" Na ce ni da kai.  Sannan ya ce, "To ai kin riga kin san abin da za ki yi, in ba haka ba da ba ki nuna min ba. Zo ki ci abinci."

Ban sani ba tukuna. Shi ne yake ganin na sani.

Laraba, 22 ga Oktoba, 12:40 na rana

An kai Mista Burkett asibitin jami'a. Ciwon ya buɗe. Suna maganar yanke naman da ya mutu, daga baya a yi dashen fata. Ƙafar dai suna sa ran za ta tsira.

Daftarin yana cikin aljihun tebur. Ba na buɗe wannan aljihun, ko almakashi nake nema sai in ara.

Alhamis, 23 ga Oktoba, 8:10 na yamma

Na kira Wendell da wayar Curtis. Muka haɗu a gidan abincin da ke mahaɗar hanya, rabin tafiya tsakaninmu, awa ɗaya da rabi kowa. Ya riga ni zuwa, ya sa an kawo ƙwai da soyayyen dankali, bai taɓa ba.

Na tura masa littafin a buɗe. Ya sa tabarau ya karanta. Ya ce, "Har da layi biyu."

Na ce har da layi biyu.

Sai ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da takarda a ninke huɗu. Kwafin wasiƙa ce daga Halvorsen zuwa ofishinsa, wata biyu kafin a miƙa mana kwalaye. Suna sanar da cewa sun kwance ma'auni ɗaya sun kai sito cikin sansani. A kusurwa, da fensir, rubutunsa: "Na jiha ne yanzu." Ya ce bai duba taswira ba. Ya ga sunan Halvorsen, ya san Halvorsen tana cikin jerin waɗanda za a ba mu, ya jefa wasiƙar a fayil ɗin ajiya. Ko cikin kwalayenmu ba ta shiga ba. Makon jiya ya tono ta.

Ya ce, "Kwana takwas tana aljihuna. Matata ta ɗauka takardar likita ce nake ɓoye mata."

Na ce, "Lauyanku ya gani?"

Ya ce, "Taku ta ga wannan?"

Mai kawo abinci ta zo ta ƙara mana kofi, ta ce, "Ku biyun nan kamar masu shirin raba aure." Wendell ya ce mata, "Mun raba tun shekara huɗu, yanzu rabon 'ya'ya muke."

Da ta tafi ya ce, "Ni saura mini mako takwas, abin da za su yi min kaɗan ne. Ke kina da sauran tafiya. Bari in miƙa tawa, ki mayar da naki gareji. Tawa kaɗai ta isa ta rufe maganar."

Na ce in tasa kaɗai ta fita, za a ce laifin tarayya ne, a gyara ɓangare ɗaya a bar ɗayan. Na ce kuma ba Halvorsen kaɗai ke jikin shinge ba a jihar nan.

Ya ce, "Wa ya koya miki taurin kai?"

Na ce wani tsoho.

Muka ci dankalin, ya riga ya huce. Gobe ƙarfe tara, kowa zai miƙa takardarsa a ofishinsa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, 5:15 na yamma

Na ba Gil littafin da daftarin, ba sa hannu. Ya karanta shafin. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya sake karantawa.

Ya ce, "Makon da Mamarki take asibiti ne?"

Na ce makon ne, amma kada ya sa wannan a rahoto.

Ya ce, "Kin san da kin ƙona shi ba mai sani."

Na ce Curtis ya sani. Ya ce Curtis ko sunan titinsu ba ya faɗa wa baƙo. Muka ɗan yi dariya, ba mai daɗi ba. Sai wayarsa ta yi ƙara, lauya ce, ta ce yanzun nan 'yan tarayya suka turo wata wasiƙa, ya zo ya gani. Ya dube ni. Na dubi taga.

Ya ɗauki biro ya soke jimlar shafi na bakwai da kansa.

Litinin, 27 ga Oktoba, 6:00 na yamma

An karɓi mitata da bajona na awon tururi har sai an gama bincike. Aikin tebur. Mutum biyu a sashen ba su amsa gaisuwata ba. Ɗaya ta ajiye min kek a kan fayil ta wuce.

Alhamis, 30 ga Oktoba, 7:20 na yamma

Aikin da aka ba ni: in bi lasisi ɗari biyu da goma sha huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, in fitar da duk wanda ke maƙwabtaka da filin tarayya. Su ma suna yin nasu jerin, za a haɗa. An ɗage dokar hana magana, yanzu an ce dole mu yi magana, kowace Talata.

Na samu tara. Wendell ya samu goma sha ɗaya. Bakwai ne kawai suka zo ɗaya a jerin biyu. Sauran za a je a gani da ido, mutum ɗaya nasu, ɗaya namu, ta ƙofa ɗaya. Ba ni za a tura ba.

Abin da za a yi da ni ba a faɗa ba. Gil ya ce sai bayan hutun godiya na ƙarshen Nuwamba. Ban tambaya ba.

An sallami Mista Burkett jiya, zai riƙa komawa wankin ciwon duk Laraba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, 10:00 na safe

Lauya ta ce kada in kusanci gidan. Ta faɗa sau biyu, ta kuma turo a rubuce.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, 6:40 na yamma

Na je.

Yana kwance a doguwar kujera a falo, ƙafar a kan matashi, ya rame, an yanke ƙafar wandon daga sama. Ɗakin yana warin magani. Faye ta ba ni kujera, ta tsaya a bakin ƙofar kicin da tawul a hannu.

Na gaya musu duka, daga farko. Shingen, siton, manajan, littafin. Ban ambaci Wendell da suna ba, na ce akwai wani a can ɓangaren da shi ma ya faɗi nasa. Ban ambaci Mama da asibiti ba.

Ya saurara idonsa a rufi. Da na gama ya ce, "Waya ɗaya."

Na ce waya ɗaya.

"Kin rubuta za ki kira."

Na ce na rubuta.

Faye ta ce, "Ranar da na tambaye ki ko ba wanda yake ƙirgawa, kin sani?"

Na ce na sani.

Ta shiga kicin. Na ji ta buɗe famfo, ruwa yana ta zuba, ba ƙarar kwano ko ɗaya.

Ya ce, "Shekara arba'in ina yanka ƙarfe. An nuna mana tambarin nan a wani taro, na gan shi a jikin abin, rabinsa ya goge, na ce tsohon fenti ne. Wannan nawa ne, ba na ɗora miki." Ya gyara ƙafar da hannu biyu, ya jira zafin ya lafa. "Amma naki ma ba zan ɗauke miki ba. Ban ce na yafe ba, kada ki je ki ce na ce."

Na ce ba zan ce ba.

Na tashi zan tafi, har na kai ƙofa, ya ce, "Kina aiki Laraba?" Na ce aikin tebur ne, ina da hutun da ban ci ba. Ya ce Faye ba ta iya tuƙi a babbar hanya, idonta ba ya ganin allunan, ɗan'uwansa kuma yana tsakiyar girbin masara. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, wankin kuma ba shi da daɗin ji.

Na ce ƙarfe nawa.

Faye ce ta amsa daga kicin. "Bakwai. Ki zo da mota mai faɗin baya."

Laraba, 5 ga Nuwamba, 5:50 na yamma

Na ari motar 'yar'uwar Curtis. Ya zauna a baya ya miƙe ƙafar, Faye a gefena da jakar magunguna a cinya. Na kunna rediyo har muka isa.

Minti hamsin aka yi ana wankin. Ina zaune a baranda, ƙofa biyu tsakaninmu, amma ina ji. Ban tashi ba.

A hanyar dawowa ya yi barci. Wajen gadar Dunmore ya farka ya ce ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, in taka motar nan ko ma isa gida kafin Kirsimeti. Na ƙara wuta kaɗan. Faye ta ɓare lemo ta miƙa masa rabi. Ɗaya rabin ta riƙe shi a hannu har muka wuce mahaɗa, sannan ta ajiye min a kan murfin akwatin da ke tsakaninmu, ba ta dube ni ba.

Likita ya ce aƙalla Laraba goma sha biyu. Na rubuta su duka a kalandar kicin, da biro.